Tafkin Sakumono da Baƙin Tsuntsayensa

 Wannan mako ina so in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani tafki na ƙasar Gana.

Tsakanin Ankara da Tema akwai tafkin Sakumono, wanda hanyar mota ta bi tsakaninsa da teku. Ranar hutu na hau basukur da asuba na bi wannan hanya, gama mota ba ta barin mutum ya tsaya inda ya ga dama, ƙararta kuwa korar tsuntsu take yi. Na jingine basukur, na zauna shiru. Ga zalɓe ya kafe cikin ruwa yana dakon kifi, ga balbela fari fat, ga waɗansu ƙanana masu dogayen ƙafafu suna caccakar taɓo. Da yawansu baƙi ne, sanyin Turai ya koro su, kamar waɗanda ke sauka fadamar Haɗeja da Nguru. Saboda su aka sa tafkin cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta tsare a 1992.

Amma abin da ya ɓata mini rai, gidaje sun ci gefen fadamar, ana ta cike ta da ƙasa. Fadama ita ke shanye ruwan sama. Wanda ya cike ta ya kori tsuntsu, ya kuma kira ambaliya ɗakinsa.

Malaman makaranta, ku kai yara fadamar garinku su san sunayen tsuntsaye, don mutum ba ya tsare abin da bai sani ba. Sai mako mai zuwa.

Naku, Akawu Mai Basukur.