Rumbun Bincike: Wa Zai Riƙe Makulli?

 Laburaren jami'armu a nan Ingila ya kafa kwamitin da zai zaɓi sabuwar manhajar kwamfuta domin rumbun ajiyar bincike, wato wurin da ake zuba kundayen digiri da maƙalolin malamai a intanet don kowa ya karanta kyauta. An nemi ra'ayin ɗalibai, amma da yawanmu mun ɗauka wannan hidimar masu laburare ce kawai. Wallahi ba haka ba ne. A cikin wannan rumbun guminmu na shekaru zai kwana bayan mun tattara komatsanmu mun koma gida.

Zaɓi biyu ne a gaban kwamitin. Na farko, a ɗauki manhajar da ƙofarta take a buɗe, wadda kowa ke da ikon duba cikinta ya gyara, irin su EPrints da Jami'ar Southampton ta fitar a 2000, ko DSpace da laburaren MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002. Na biyu, a yi haya a wurin wani kamfani, shi ke da manhajar, shi ke da na'urorin, jami'a kuwa ta dinga biyan kuɗi duk shekara. Ni dai ba na rufa-rufa, na farkon nake goyon baya, kuma ga dalilina.

Masu son haya suna cewa kamfani ya fi iya aiki, shafinsa ya fi kyau, kuma zai sauke wa ma'aikata nauyi. To, su waiwayi abin da ya sami bepress. Malaman jami'a ne a Berkeley suka kafa shi, jami'o'i da cibiyoyi fiye da 500, yawancinsu a Amurka, suka amince suka zuba ayyukansu a manhajarsa ta Digital Commons. A watan Agustan 2017 sai aka wayi gari kamfanin Elsevier ya saye shi, bayan ya riga ya saye Mendeley a 2013 da SSRN a 2016. Elsevier ɗin nan fa shi ne babban mai buga mujallun ilimi, wanda tsadar mujallun irinsa na cikin abin da ya sa aka fara gina rumbunan tun asali. Ashe an ba kura ajiyar nama ke nan. Cikin 'yan watanni laburaren Jami'ar Pennsylvania ya fito fili ya ce zai nemi hanyar ficewa. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Ba ina cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da wahala ba ne. Kyauta ake saukar da ita, amma riƙonta sai da ƙwararrun ma'aikata da kuɗi. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa DSpace 7 bayan fitowarta a 2021 sun sha aiki, domin fuskar manhajar gaba ɗaya aka sake. Maganar tsaro ma ba wasa ba ce: harin da 'yan kutse suka kai wa Laburaren Birtaniya a Oktoban 2023 ya rufe EThOS, taskar da ake neman kundayen digirin digirgir na ƙasar nan. Amma wannan duk ba hujjar sayar da gona ba ce. Akwai masu riƙe wa jami'o'i DSpace ko EPrints a kan lada, kamar Atmire a Beljiyam da sashen hidimar EPrints na Southampton. Idan ɗan ƙodago ya gaza, ka sallame shi ka ɗauki wani, gonar tana nan taka. Wanda ya ɗaura zanen aro kuwa, ranar da mai shi ya ce a ba shi abinsa, sai tsiraici.

Saboda haka ina kira gare mu da mu je gaban kwamitin nan da tambayoyi, kada a ruɗe mu da adon shafi. Idan jami'a ta so ficewa, za ta iya kwashe dukkan kundaye da bayanansu ba tare da biyan fansa ba? Adireshin dindindin na kowane kundi, wato Handle ko DOI, da sunan wa aka yi rajistarsa, kuma zai rayu bayan ƙaura? Shin manhajar tana bin ƙa'idar OAI-PMH, yadda taskoki irin su CORE za su iya kwasar bayananmu su yaɗa? Mai karatu zai sauke kundi ba tare da an ce sai ya buɗe asusu ba?

Akwai kuma tambayoyi biyu da in ba mu muka yi ba, babu mai yi. Ɗalibin da ke Zariya ko Damagaram, wanda ke lallaɓa ɗan datar wayarsa, zai iya buɗe shafin kuwa, ko nauyinsa zai cinye masa kuɗi kafin ya ga layin farko? Sannan idan taken kundi yana ɗauke da ƙ, ɗ ko ɓ, ko an rubuta shi da ajami, injin neman zai gano shi, ko zai mayar da haruffan akwatuna? Da yawanmu a kan matsalolin gida muke bincike, da kuɗin tallafin gwamnatocinmu ko na gonakin da iyaye suka sayar. Zalunci ne a ce mutanen da aka yi binciken a kansu su ne na ƙarshe da za su gan shi.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma, da girmamawa nake cewa aikinku bai tsaya ga shirya walimar Sallah ba. Ku rubuta wa kwamitin takarda a hukumance, ku nemi kujera ga ɗaliban ƙasashen waje tun kafin a sa hannu a kwangila, domin tun ran gini tun ran zane. Kuma kowannenmu ya adana kwafin kundinsa, ya miƙa wani ga rumbun jami'ar da ya fito a gida.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mayar da mu gida lafiya. Wassalam.