Bakin da Ya Taɓa Shiga Fili

'Yan uwa marubuta, yau badminton za mu leƙa. Gillian Clark 'yar Ingila ta yi suna a wasan 'yan bibbiyu: ta ci zinare a gasar Commonwealth ta 1986 tare da Gillian Gowers, ta sake ci a 1994 tare da Chris Hunt. Da ta daina wasa sai ta koma sharhi a talabijin. Mai kallo ƙwallon gashin kawai yake bi da ido. Ita kuwa tana nuna maka wanda ya tsare gaban raga, da wanda ya makara wajen rufa wa abokinsa baya, domin ta taɓa tsayawa a wurin.

Mu fa a Dutse? Muna rubuta dambe, kokawa da langa daga nesa, jarumin labarinmu kullum "ya yi nasara" ne, ba mu san sunan kamun da ya kayar da shi ba. Tsofaffin 'yan wasan da suka san waɗannan sunaye suna nan a Kiyawa da Birnin Kudu, suna tsufa, babu mai tambayarsu. Gidan rediyo bai kira su sharhi ba, mu ma ba mu je ba.

Kafin taronmu na gaba, kowa ya nemi ɗaya, ya kunna rikodar wayarsa, ya kawo mana kalmomi goma.