Su a Tsakar Ɗaki

A wani gida a Haɗejiya na fara ganin na'urar wasa ta Wii, ƙirar kamfanin Nintendo. Yaro ya riƙe madanninta, ya fizgi hannu sama, sai ga kifi a fuskar talabijin. Na yaba, domin wasa ne mai tayar da yaro tsaye kamar langa. Sai dai na kasa kunne, ban ji kalmar su ko ɗaya ba: babu fatsa, babu koma, balle taru. A ganina, nan ya kamata manazarta Hausa su dubi lamarin. Kakan yaron ya yi su tun kafin madatsar Tiga ta rage ambaliya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Jikan kuwa da Turanci yake ƙirga kifinsa.