Ra'ayinmu: 'Yan kasuwar iyaka su nemi fili a taron masu manhaja

Akwai manhajar kwamfuta da waya da masu ita suka bar ta a buɗe, kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya raba wa wasu. Masu wannan aiki kan yi taro. An fara OSCA Fest a Legas a 2020, masu taswirar OpenStreetMap na Afirka kuma sun haɗu a Yawunde a 2023. Tun da sauran watanni sukan yi shela cewa mai son yin jawabi ya aiko da take, da 'yan layuka kan abin da zai faɗa, da bayanin kansa a taƙaice, sannan kwamiti ya zaɓa. Ba a tambayar digiri.

Ɗan kasuwar Jibiya ko Ƙonni yana da abin faɗa a wurin. Da naira yake saye, ya sayar da sefa, canji kuwa na iya motsawa tsakanin hantsi da la'asar. Da tiya yake awo, manhaja na neman kilo. Yana haye iyaka sabis ya ɗauke. Matashin da ke rubuta manhaja a Legas ko Yawunde bai san wannan ba, ba kuwa laifinsa ba ne, tunda ba wanda ya faɗa masa. Shi ya sa har yau lissafin bashi na cikin littafi da biro.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa su zaɓi matashi ɗaya mai jin Faransanci ko Turanci, dattawa su zauna da shi a tsayar da matsala guda tak. Akwai ma jawabin minti 5. Ƙungiya ta ɗauki kuɗin mota da masauki, a kuma aika takardar kafin ranar rufe karɓa.