Raunin da bandeji ba ya rufewa

A daren 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tayar da bam a layin dogon Abuja zuwa Kaduna, kusa da Katari, suka buɗe wa fasinjoji wuta. Aƙalla mutum 8 suka rasu, aka shiga daji da fiye da 60, na ƙarshensu ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai 5 ga Oktoba. A Disamba jirgi ya koma aiki, aka ce ƙura ta lafa.

Wanda ya kwanta ƙarƙashin kujera cikin duhu yana jin harsashi na fasa taga, a wurinsa ba ta lafa ba. Barci kan ƙaurace masa, a bugo ƙofa gabansa ya faɗi, ko hanyar tasha ba ya son bi. Mu kuwa sai mu ce ya yi haƙuri, ai ya tsira. Ma'aikatan jinyar da suka kwana ɗinkin raunuka, da mutanen ƙauyukan gefen layi, da wuya a tuna da su.

Wannan ciwo ne mai magani, kuma akwai likitocinsa a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, sai dai tsoron a ce mutum ya zautu yana hana zuwa.

Yanzu ana shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi. Muna kira ga hukumomin Nijar su horar da ma'aikatan lafiya kan gane alamun firgici, daga asibitin Maraɗi har likitar garin Gecheme, domin ɗan ci-ranin da haɗari ya rutsa da shi a Najeriya, gida yake komawa jinya.