A gwada robar 3D da ranar Afrilu kafin a ɗaura wa yaro

Injin ɗab'in 3D ya daina zama labarin ƙasashen Turawa. Tun 2013 wani matashi a Lome, Afate Gnikou, ya harhaɗa nasa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Ƙungiyar Handicap International ma ta gwada buga kayan tallafa wa gaɓoɓin masu naƙasa a Togo da Mali da nan Nijar. Abin farin ciki ne. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba a ranar bikin miƙa kaya, lokacin da kowa ke tafi: wannan roba za ta jure zafinmu kuwa?

Yadda injin yake aiki ba wani sihiri ba ne. Zaren roba yake narkarwa a zafin da ya kai wajen digiri 200, yana shimfiɗa shi layi bisa layi har abin ya tashi. Robar da aka fi amfani da ita sunanta PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin ta, tana da araha kuma ba ta ba da wahala wajen bugawa. Ga inda gizo ke saƙar: ba sai ta narke take lalacewa ba. Da ta kai digiri 55 zuwa 60 sai ta saki jiki, ta yi laushi kamar danƙo. Kuma da ma lokacin bugawa an ja zaren ne ya daskare a miƙe, to da zafi ya sassauta shi sai kowane layi ya nemi tsukewa. Shi ya sa abin yake lanƙwashewa ko ya murɗe ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Masana ba su tsaya kuka da wannan hali ba, sun mai da shi sana'a. A 2013 Skylar Tibbits na jami'ar MIT a Amurka ya yayata abin da ake kira ɗab'in 4D, wato abu a buga shi, daga baya ya sake siffa da kansa. A 2018 masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon sun nuna faifan roba shimfiɗaɗɗe da ke naɗe kansa in an tsoma shi cikin ruwan zafi. Masu aikin sa kai na e-NABLE, da ke buga wa yara hannun roba, suna buga wasu sassan a shimfiɗe, su tsoma a ruwan zafi, su lanƙwasa daidai da hannun yaron. In ya huce sai ya tsaya a haka.

To amma robar ba ta manta siffarta ta farko ba. Ranar da ta sake jin wannan zafin, za ta fara komawa yadda aka buga ta. Ita kuwa ba ta san bambancin ruwan buta da ranar Damagaram ba.

Wani zai ce ai zafinmu bai kai 60 ba. Gaskiya ne, digiri 44 ko 45 da ake faɗa a Yamai cikin Afrilu da Mayu ma'aunin inuwa ne. Amma gaban motar da aka rufe aka bari a rana yana iya wuce 70. Ga akwatin babur, ga baƙin abu da aka ajiye kan yashi da azahar. Sannan robar da ke ɗauke da nauyi tana iya saki a hankali tun kafin ta kai wancan mizanin. Na taɓa ganin kayan koyar da lissafi da aka buga, wani abokin aiki ya manta da su a mota tsakanin azahar da la'asar. Abin da ya tafi a matsayin murabba'i ya dawo kamar ƙosai. Dariya muka yi, don abin aji ne. In da takalmin gyaran ƙafar yaro ne fa? Ya sake siffa kaɗan, uwa ba ta lura ba, ya riƙa gurzar fata har ya zama gyambo, ko ya daina riƙe ƙafar inda likita ya so. Iyayen da suka biya kuɗin mota daga ƙauye za su ce kayan banza ne, kuma ba za su dawo ba. Ba laifinsu ba ne.

Ba muna cewa a guji injin ba ne. Akwai robar da ta fi jurewa: PETG sai wajen digiri 80 take saki, ABS kuwa sai ta haura 100, ko da yake ta fi wuyar bugawa kuma tana fitar da wari, sai ɗaki mai iska. Zaɓin roba kenan ba ƙaramin zance ba ne da za a bar wa wanda ya kawo kyauta. Shi a ƙasarsa ya gwada, inda digiri 30 labari ne a rediyo.

A makaranta kuwa wannan aibin darasi ne kyauta. Malami da butar shayi da guntun PLA zai nuna wa ɗalibai abin da muke ta fama da alli a kansa: zafi yana sauya halin abu tun kafin ya narkar da shi. Makarantun horar da malamai ya kamata su fara da wannan kafin su koya danna maɓalli.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun lafiya da na ilimi: duk kayan 3D da za a saka a jikin mutum, a rubuta irin robarsa a takarda, a gaya wa iyaye da Hausa ko Zabarmanci kada a bar shi a mota ko a rana. Kuma kafin a sa hannu a karɓa, a ajiye samfuri guda cikin rufaffiyar mota, wuni ɗaya na Afrilu, a auna shi da safe, a sake auna shi da yamma.