A Ƙirga Abin Da Ke Cikin Kogi

Ku yara, in kun tambayi makiyayi yawan shanunsa, ko bai gaya muku ba, ya san su ɗai ɗai. Ran da guda ta ɓata, tun kafin magariba ya gane. To, kogi ma garke ne, cike ya ke da dukiyar da Allah ya ba mu. Amma mu nawa ne muka san abin da ke cikinsa? Ni a ganina, wajibi ne a ƙirga halittun kogi, a rubuta su, kafin a taɓa ruwansa.

Bari mu ɗauki misalin Kogin Haɗeja. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suka haɗu suka haife shi. Yana gangarawa gabas, ya gamu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, wanda ke zubawa cikin Tafkin Cadi. Tsakanin Haɗeja da Nguru akwai fadama mai faɗi. Da damina ruwa ya kan malale ta, kifi ya bi ruwan ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai. A nan a ke samun tarwaɗa da karfasa da kurungu. Akwai kuma gaiwa, wadda ke shiga cikin laka ta kwanta in ruwa ya ƙafe, har damina ta komo. Tsuntsaye kuwa, ban da dinya da zalɓe, har daga Turai waɗansu su kan zo da hunturu.

A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma aka gama ta Calawa. Lalle sun yi amfani, gama birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kadawa sun sami ruwan noman rani. Amma ambaliyar da ke cika fadama ta ragu. A waɗansu wurare kuma ruwa ya daina ƙafewa da rani, sai kacala ta yi yawa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta wucewa, tsuntsayen jan baki masu cin gero suka sami mafaka a cikinta. Ashe wanda ya taɓa kogi a sama ya taɓa tukunyar mutumin da ke ƙasa.

Yaya a ke wannan ƙirga? Masana su kan tafi tare da masunta, su jefa taru a wuri guda, a lokaci guda kowace shekara. Su ware kifin iri iri, su auna tsawonsa, su rubuta. Su duba ƙwari da katantanwa da ciyayin ruwa, domin waɗansu ƙwari ba su rayuwa sai a ruwa mai tsabta, waɗansu ƙananan katantanwa kuwa su ke ɗauke da cutar tsargiya. Tsuntsayen ruwa a kan ƙirga su cikin watan Janairu, aikin da ƙasashe da yawa ke yi tun 1967. In aka gwada lissafin bana da na bara, sai a ga abin da ya ragu da abin da ya ƙaru.

Wani zai ce, "Ina amfanin ɓad da kuɗi wajen ƙirga kifi, ga mutane suna bukatar abinci?" Amsa ita ce, kifin nan ai shi ne abincin. Lissafin shi zai nuna wa hukuma watan da ya kamata a saki ruwa daga madatsa, da wurin da za a hana su don kifi ya hayayyafa, da irin tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Likita ba ya ba da magani sai ya duba majinyaci.

Ku ma kuna da naku aikin. Ku sami tsohon masunci a garinku, ku gaishe shi da ladabi, ku roƙe shi ya gaya muku sunayen kifin da ya kan kama yana yaro, da waɗanda ya daina gani. Ku rubuta a littafinku tare da kwanan wata, ku kai wa malaminku ya ajiye. Wata rana 'yan bayanku za su buɗe littafin nan, su gode muku.